Ƙasar Zuru Ta Ba Da Sojoji, Saura Jakadu

Gabatarwa

Duk inda aka ambaci Zuru a Nijeriya, abin da yake fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne kakin soja. Ba kuwa a banza ba, gama ƙasar nan ta fid da Laftana Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Tanko Ayuba, wanda ya yi gwamnan soja a Jihar Kaduna daga 1990 zuwa 1992, da kuma marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya mulki Jihar Bauchi a 1984 da 1985 tun kafin ya hau gadon sarauta. Ƙananan sojoji kuwa da suka fito daga ƙauyukanmu, sai dai a ce Allah ya yi yawa da su.

To, amma ga abin takaici. Ƙasar da ta cika barikokin Nijeriya da 'ya'yanta ita ce ta wayi gari manominta yana tsoron zuwa gona. A watan Maris na 1922 ba a san haka ba, amma a watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da 60. A ranar 17 ga Nuwamba, 2025 kuma aka kwashe 'yan mata 25 daga makarantar sakandare ta Maga, a cikin Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu, watau wadda Bena take ciki. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce ta nuna cewa tsaro yana da ƙafa biyu, bindiga da baki, kuma mu mutanen wannan yanki mun daɗe muna ɗingishi da ƙafa ɗaya. Lokaci ya yi da samarinmu, musamman masu nazarin harshe, za su ɗauki aikin jakadanci da nazarin tsaron ƙasa da ƙasa a bakin sana'ar da ta cancanci a ba ta rayuwa.

Waɗanda Suka Riga Mu Bin Hanyar

Kada wani ya zaci Turawa ne suka kawo mana wannan sana'a. Lokacin da Kilafaton ya iso Sakkwato a 1824, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima shi ya sauke shi, shi ne kuma ya tsaya tsakaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Haka nan wasiƙun da Bello ya yi musaya da Shehu Laminu na Barno a kan halaccin yaƙin da ke tsakaninsu suna nan a cikin Infaƙul Maisuri. Mutanen nan malamai ne, da alƙalami suka kare daularsu a inda takobi ba ya kaiwa.

Da aka sami 'yancin kai ma, al'amarin bai sake ba. Wanda ya tsaya a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a ranar 7 ga Oktoba, 1960, ranar da aka karɓi Nijeriya a matsayin ƙasa ta 99, shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon malamin makaranta, mawallafin Shaihu Umar. Malam Nuhu Bamalli, Magajin Garin Zazzau, wanda muke karanta littattafansa Bala da Babiya da Mungo Park Mabuɗin Kwara a wannan sashe namu, shi ne ya riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje a 1965 zuwa juyin mulkin 1966. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, shi ma da alli ya fara, ya zo ya zama wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya a zamanin Shehu Shagari, har ya shugabanci kwamitin yaƙi da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. Mai karatu ya lura, dukansu uku makaminsu ɗaya ne, watau iya sarrafa harshe.

Akwai kuma Farfesa Ibrahim Gambari na Ilori, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi ministan harkokin waje a 1984 zuwa 1985, sa'an nan ya wakilci Nijeriya a New York daga 1990 zuwa 1999. Yana kan kujerar Nijeriya a Kwamitin Sulhu a 1994, lokacin kisan ƙare-dangi na Ruwanda, sa'ad da kwamitin ya rage sojojin kiyaye zaman lafiya zuwa 270 alhali ana yanka mutane. Nijeriya tana cikin 'yan ƙasashen da suka matsa a ƙarfafa rundunar. Wannan ya isa ya nuna cewa abin da ake yankewa a kan tebur shi yake ƙaddara ko soja zai tsaya ko zai janye.

Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, mutumin Zagga a nan Jihar Kebbi, wanda aka haifa a 1957. Ya karanta kimiyyar siyasa a Zariya, ya gama a 1979, ya yi digiri na biyu a Boston ta Amurka, na uku kuma a Toronto ta Kanada a 1987. Ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya shugabanci wata cibiyar horon ma'aikatan mulki ta Afirka a Tanja ta Maroko daga 2000 zuwa 2004, ya komo ya shugabanci jami'arsa daga 2004 zuwa 2009, kana ya riƙe Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa da ke Kuru daga 2010 zuwa 2016. Sai a 2017, yana da shekara kusan 60, aka tura shi New York, a 2019 kuma aka zaɓe shi shugaban Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya na 74. Shi ne ɗan Nijeriya na biyu da ya hau wannan kujera, bayan Janar Joseph Garba a 1989. Abin lura a nan shi ne tsawon hanyar: shekaru kusan 40 ne tsakanin digirinsa na farko da wannan kujera, kuma mafi yawansu a aji da ɗakin karatu suka ƙare. Zagga ba ta fi Bena kusa da New York ba.

Darasin Yamai

Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan manomin Bena da abin da ake yi a New York? Amsar tana cikin asalin makaman da ake kashe mu da su. Bayan faɗuwar Gaddafi a Libiya a 2011, makamai sun bazu a yankin Sahel, wasu kuma suka gangaro ta iyakokin da ba su da shinge har dazuzzukan Zamfara, waɗanda Bena take baki da baki da su. Jihar Kebbi tana iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin. Lakurawan da suka kai hari Mera ta Ƙaramar Hukumar Augie a Nuwamba, 2024 ta kan iyaka suke shige da fice. Sojan Nijeriya, komai jaruntakarsa, in ya kai bakin iyaka dole ya ja birki. Daga nan kuma sai abin da jakadu suka shirya.

An ga haka ƙuru-ƙuru a 2023. Da sojoji suka tumɓuke Shugaba Bazoum a ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS ta ba su wa'adin mako guda, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, aka shiga maganar yaƙi. Da an gwabza, a kan Kamba da Illela da Jibiya wutar za ta fara sauka, tsakanin mutanen da suke auratayya suna cin kasuwa ɗaya. Su wa suka iya shiga Yamai aka saurare su? Sarki Muhammadu Sanusi II ya gana da Janar Tchiani a ranar 9 ga Agusta, ayarin malaman addini a ƙarƙashin Shaihi Abdullahi Bala Lau ya biyo baya, sa'an nan Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, waɗanda aka hana su ganinsa a zuwan farko, suka sami ganawa a ranar 19 ga watan. Ba a yi yaƙin ba. Shi kansa Tchiani da Hausa ya riƙa yin dogayen hirarraki don saƙonsa ya ƙetaro iyaka, a 2025 kuma Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Ashe harshen da wasu suke yi mana dariya don muna neman digiri a kansa, shi ne ya yi aiki a ranar da takardun Ingilishi da Faransanci suka kasa buɗe ƙofa.

Sai dai fa mu faɗi gaskiya, waɗannan bayin Allah martabarsu ce ta yi aiki, kuma kashe gobara suka je yi. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu, 2025 duk da haka. Abin da ya rage shi ne aikin yau da gobe na ƙwararru masu zama shekara da shekaru a kan batun iyaka, da kiwo, da fataucin makamai, waɗanda suka san Hausa da Faransanci, suka san wane ne Sarkin Konni, wane ne Sarkin Katsinan Maraɗi. Irin waɗannan su ne muke da ƙarancinsu.

Sukar Da Za A Yi

Na san za a ce an gwada sulhu da 'yan bindiga a Katsina a 2016 da 2019, an gwada a Zamfara a 2019, duk ya wargaje, jini kuma ya ci gaba da zuba. Wannan gaskiya ne, kuma wanda aka kashe wa ɗa yana da hakkin ya ƙi jin kalmar sulhu. Amma a duba yadda aka yi su. Yarjejeniya ta gari tana bukatar a san wanda yake da iko a kan mayaƙansa, a rubuta sharuɗɗa, a sa mai sa ido, a tanadi hukuncin wanda ya karya, kuma a sa maƙwabta a ciki, don kada wanda ya ajiye bindiga a Zamfara ya je ya ɗauke ta a Kebbi. Waɗannan abubuwa ilmi ne da ake koyo, kuma rashinsu shi ya mai da sulhun ciniki. Ban ce a ajiye bindiga ba. Mai shiga tsakani da ba shi da soja a bayansa roƙo yake yi, sojan da ba shi da mai shiga tsakani a gabansa kuma ba ya sanin ranar komawa bariki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Za a kuma ce wannan aiki na 'ya'yan manya ne. Lalle akwai son kai a wajen naɗe-naɗe, amma wanda bai shirya ba ko an buɗe masa ƙofa ba zai iya shiga ba. Yaron da ya tashi a kasuwar Bena, inda Badakkare da Bakambare da Bafillatani da Bahaushe suke ciniki, yana juya harshe biyu ko uku tun bai shiga firamare ba, ya kuma san yadda dattawa suke raba gardamar gona da burtali. Wannan jari ne da ɗan birni yake biyan kuɗi ya nema.

Kammalawa

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu haɗa Hausarmu da Faransanci ko Larabci, mu riƙa ɗaukar darussan tarihi da kimiyyar siyasa, mu kuma nemi shiga Ma'aikatar Harkokin Waje da Cibiyar Zaman Lafiya da Sasanta Rikici ta Abuja in an buɗe ɗaukar ma'aikata. Ga malamanmu kuma, ya kamata a ƙarfafa darasin fassara da tafinta, a kuma ba mu ayyukan bincike a kan kalmomin sulhu da dabarun sasanci na fadojinmu, tun dattawan da suka san su suna raye. Masarautar Zuru da attajiranta su ware tallafin karatu ga masu son wannan fanni, kamar yadda iyayenmu suka riƙa raka 'ya'yansu wurin ɗaukar soja. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, amma sai an sami masu ƙulla shi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.