Addu'a a Aji Ba Ta Cika Coci

A Amurka, inda Kotun Ƙoli ta hana makarantun gwamnati shirya addu'a a hukumance a 1962, masu ra'ayin riƙau da dama suna ɗora wa wannan hukunci alhakin raguwar masu zuwa coci, har jihar Luwiziyana ta yi doka a 2024 da ta wajabta liƙa Dokoki Goma, wato umarnan da Yahudawa da Kiristoci suka yi imani an bai wa Annabi Musa, a bangon kowane aji. Damuwarsu tana da tushe, domin binciken cibiyar Gallup ya nuna cewa a 2020 kashi 47 cikin ɗari na Amurkawa ne ke da rajista a wani wurin ibada, alhali a 1999 kashi 70 ne.

Sai dai Ingila ta gwada wannan magani tun tuni, domin Dokar Ilimi ta 1944 ta wajabta ibadar bai ɗaya kullum a makarantun gwamnati, amma ƙidayar 2021 a Ingila da Wales ta nuna masu kiran kansu Kiristoci sun sauka zuwa kashi 46 daga kashi 59 a 2011, kuma an mayar da tsofaffin majami'u da yawa gidajen haya da shaguna.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma hannun da ke tanƙwara yaro shi ne na iyayen da yake gani suna ibada a gida, don haka wajibi ne shugabannin addini su fara gyara daga nan, su bar makarantar gwamnati ta karɓi 'ya'yan kowa cikin adalci.