Girgizar Ƙasa: Jan Kunne Ga Masu Gini A Bakin Kogin Kaduna

Har yau akwai masu ɗauka cewa girgizar ƙasa masifa ce ta Japan da Turkiyya kawai, wai Nijeriya ta tsira. To amma mutanen Kwoi da ke Ƙaramar Hukumar Jaba, a nan Jihar Kaduna, ba za su yarda da wannan magana ba, domin a watan Satumba na 2016 ƙasa ta motsa da su har bangaye suka tsattsage, jama'a suka fice daga ɗakunansu. A Satumbar 2018 kuma sai ga ta a Mpape ta Abuja, har hukuma ta dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a yankin. Duk garuruwan biyu a cikin duwatsu suke.

Abin lura shi ne, girgiza ɗaya ba ta taɓa kowa daidai wa daida. Gidan da ke zaune a kan shimfiɗaɗɗen dutse ya fi samun sauƙi. Wanda ke kan tsauni ya fi jijjiga, kamar yadda reshen sama ya fi gindin itace kaɗawa, na gindin tsauni kuma yana fuskantar gangarowar duwatsu. Amma mafi muni ita ce ƙasa mai laushi da danshi da ta taru a kwari, wadda kan riƙe girgizar ta ninka ta, tamkar koko a ƙwarya. Haka ta faru da birnin Meziko a 1985. Cibiyar girgizar na nesa da fiye da kilomita 300, amma benayen da aka gina a kan tsohon tafki su suka fi rushewa.

Ina ruwan Unguwar Rimi da wannan? Ai da ruwanta. Gaskiya ne akasarin Kaduna a kan dutse mai ƙarfi take, alhamdu lillahi. Sai dai ɓangaren unguwar da ya gangara bakin kogi yashi ne da laka, kuma nan ne ake ta ciko ana ɗora benaye. Ambaliya kaɗai ake tsoro, ita ma sai damina.

Attajirin da ya iya kashe miliyoyi a kan tayil da fenti, ba shi da hujjar ƙyashin kuɗin gwajin ƙasa kafin a haƙa harsashi, alhali 'yan haya da 'ya'yansu ne za su kwana a ciki, ba shi ba. Ya kamata hukumar KASUPDA ta riƙa neman takardar wannan gwaji kafin ta sa hannu a kan duk wani bene da za a gina a gefen kogi.