Mai Gina Suna A Filin Aro Ya Riƙa Kasa Kunne

A 'yan shekarun nan wata magana ta shiga bakin matasanmu, maza da mata, wato "gina suna". Tela yana so ya gina suna, mai toya kek tana so ta gina suna, haka mai kiwon kaji da mai gyaran waya da mawaƙi da wanda ya gama makaranta yana neman aiki. Inda kuma kowa ya dosa domin wannan gini shi ne Facebook da Instagram da TikTok da WhatsApp da sauran dandalin sada zumunta. Ana ɗaukar hoto, ana gyara fuska, ana ƙirga mabiya safe da yamma kamar yadda makiyayi yake ƙirga awakinsa.

Bari in faɗa tun da fari cewa ban ga laifin wannan ba. Da can, telan da yake lungu a Kafanchan ko Numan ba ya samun ciniki sai na unguwarsu da na kasuwar mako. Yau yana iya ɗaukar hoton ɗinkinsa da yamma, kafin gari ya waye wata a Abuja ta turo awo da kuɗin yadi. Wannan alheri ne, kuma duk wanda ya hana yaro shi bai yi masa adalci ba. Abin da nake so mu duba, 'yan'uwa masu karatu, shi ne filin da ake wannan gini a kansa. Filin ba namu ba ne. Na aro ne, Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya ɗora abincinsa a kan wannan fili, wajibi ne ya riƙa bin labarin masu filin, kamar yadda manomi yake bin labarin damina.

Su wane ne masu filin? Facebook, wanda Mark Zuckerberg da abokansa suka kafa a shekarar 2004, shi ne ya sayi Instagram a 2012 a kan dala biliyan 1, ya kuma sayi WhatsApp a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19. Tun 2021 sunan babban kamfanin ya koma Meta. Wato ke nan matashiyar da take cewa tana da shafi uku, in ɗaya ya lalace tana da biyu, a gaskiya ɗakuna uku ta kama a gidan mutum ɗaya. TikTok na kamfanin ByteDance ne na ƙasar Sin. Twitter kuwa Elon Musk ya saye shi a 2022 a kan dala biliyan 44, ya sauya masa suna zuwa X a 2023. Ba a tambayi ko mutum ɗaya cikin masu shafuka ba kafin a yi waɗannan cinikayya, domin ɗan haya ba ya zama a wurin sayar da gida.

Yana da kyau kuma mu san abin da suke ci da shi. Kusan dukan kuɗin da Meta yake samu daga tallace-tallace yake fitowa. Saboda haka na'urar da take zaɓen abin da za a nuna wa mutane, aikinta shi ne ta riƙe ido a kan waya tsawon lokaci domin a ga talla da yawa. Ba ta san telan kirki ba, ba ta san mayaudari ba. Abin da ya sa mutane suka tsaya suna kallo ko suna gardama, shi take turawa gaba. Don haka ne mutum zai tara mabiya dubu biyar, ya sa hoton kayansa, amma kaɗan daga cikinsu ne za su gani. Mabiyan suna rubuce a littafin kamfani, kuma kamfanin ne yake yanke wanda zai ji muryarka yau.

Wannan ba zato ba ne, mun gani da idonmu a ƙasar nan. A ranar 5 ga Yuni 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani rubutu na Shugaba Muhammadu Buhari, ba a buɗe shi ba sai 13 ga Janairu 2022. Fiye da wata bakwai ke nan. Ba gardamar wa ke da gaskiya tsakanin gwamnati da kamfanin ta dame ni a nan ba. Abin da ya dame ni shi ne mai sayar da takalmi ko turare da duk cinikinsa yake can, wanda ba ruwansa da rigimar, amma aka wayi gari shagonsa a kulle. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni ba kira ba saƙo. A ranar 4 ga Oktoba 2021 kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya a duniya har kimanin awa shida, saboda wani kuskure da aka yi a na'urorin kamfanin. Sa'an nan a watan Maris 2024 wasu manyan wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki da ta intanet ta dagule a Nijeriya da Ghana da maƙwabtansu na kwanaki.

Waɗannan duk sun dawo. Akwai waɗanda ba su dawo ba. Masu shekaru talatin zuwa sama za su tuna lokacin da lambar BBM ta wayar BlackBerry take abin taƙama, mutum yana bugawa a katinsa. An rufe BBM ɗin da jama'a suke amfani da shi a 2019, a shekarar ce kuma aka rufe Google+. A ƙasar Indiya, a watan Yuni 2020, gwamnati ta haramta TikTok tare da wasu manhajoji 58 na ƙasar Sin, matasan da suka tara miliyoyin mabiya suka kwana da suna suka tashi ba kowa.

Wani zai ce, to Malam, ko na bi labarin ai ba zan hana gwamnati ko kamfani yin abin da suka ga dama ba. Gaskiya ne. Manomi ma ba ya hana fari, amma wanda ya ji cewa ruwa zai ɗauke da wuri yakan shuka iri mai saurin nuna. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Alal misali, alamar nan mai launin shuɗi a Twitter da can shaida ce cewa kamfani ya tabbatar da mai shafin. A ƙarshen 2022 aka mai da ita abin saye, nan da nan wani ya saya ya yi shigar kamfanin magunguna na Eli Lilly a Amurka, ya ce maganin ciwon sukari ya zama kyauta, mutane da yawa suka gaskata. Wanda bai ji wannan labari ba har yau yana ganin alamar ya saki jiki. Haka nan wanda ya ji da wuri cewa hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025, ya san masu sayen kayansa za su rage kallon dogon bidiyo, sai ya gajarta nasa. Wanda kuma ya san cewa layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sayar wa wani, ba zai bar lambar da ya buɗe WhatsApp da asusun banki da ita ta mutu a aljihun tebur ba.

Wani kuma zai ce labarin fasaha na masu Turanci ne. Wannan ma ya wuce. Sassan Hausa na gidajen rediyo da jaridunmu suna kawo waɗannan labarai, hukumomi irin su NCC da NITDA kuma suna fitar da sanarwa. Minti goma sha biyar a mako ya isa, in an san abin da ake nema: wace doka ta sauya, wane farashi ya tashi, wace sabuwar damfara ta shigo gari.

Amma a nan ma sai an yi hattara, gama ba duk abin da ya sa rigar fasaha ba ne labarin fasaha. A Disamba 2016 MMM ya rufe da kuɗin jama'a. A Afrilu 2025 CBEX ya yi haka, bayan an yi ta gaya wa mutane cewa ƙirƙirarriyar basira ce take juya musu kuɗi ya ninka cikin wata guda. Abin baƙin ciki shi ne, da yawa ba baƙo ne ya jawo su ba. Ɗan'uwa ne, ko abokin zumunta, wanda ya sa hotonsa da sunansa ya tallata abin saboda ɗan kamasho. Kuɗin sun tafi, sunan da ya yi shekaru yana tarawa ya bi su. Labari na gaskiya yakan gaya maka yadda abu yake aiki da haɗarin da yake ciki. Wanda ya ce maka yi sauri kafin a rufe, kuma ka kawo mutum uku, talla yake yi ko tarko.

Wannan ya kawo mu ga ainihin abin da ake kira suna. A wurin iyayenmu, sunan mutum shi ne abin da ake faɗa a kansa bayan ya tashi daga wurin: yana cika alkawari, mudunsa cikakke ne, in ya ce Laraba to Laraba ce. Waya ba ta sauya wannan ba, sauri kawai ta ƙara masa. Telan da ya ɗauko hoton ɗinkin wani ya ce nasa ne zai samu ciniki na farko, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da rigar ta isa hannun mai ita, ita ma tana da waya. Magana kuma zarar bunu ce. Zagin da ka rubuta cikin fushi wani ya riga ya ɗauki hotonsa kafin ka goge, zai iya fitowa ranar neman aiki ko neman aure. Ban da haka akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma an sha kama mutane a ƙarƙashinta saboda abin da suka rubuta.

Mu na cikin ikilisiya ma maganar ta shafe mu. Ana kai wa gwauruwa mudun shinkafa, sai a tsai da ita a ɗauki hoto, a watsa wa duniya ba tare da an nemi yardarta ba, domin shafin mai bayarwa ya cika. Koyarwar da muka tashi da ita ta gargaɗe mu sarai game da yin alheri domin idon mutane. Talaucin wani ba tubalin gina sunanka ba ne. Sa'an nan ƙungiyoyinmu na WhatsApp, na zumuntar mata da na matasa da na mawaƙa, sun zama wurin farautar ɓarayi. Sukan kira su ce za a yi taro ta waya, ka karanto musu lamba shida da aka turo maka. Wannan lambar ita ce mabuɗin shafinka. Da ka ba da ita sun ƙwace, sai su shiga roƙon kuɗi da sunanka a wurin waɗanda suka amince da kai. Maganin yana cikin wayar: a kunna tabbatarwa ta mataki biyu, a sa lambar sirri, kada kuma a karanta wa kowa lambar da ta shigo, ko da ya ce shi sakataren majami'a ne.

Shawarata ga matasa ita ce, ku yi amfani da filin aron, amma ku ajiye abin da yake naku a inda hannunku yake kaiwa. Ku sayi littafi ku rubuta sunayen masu sayen kayanku da lambobinsu, da izininsu, domin ranar da shafi ya ɓace ku iya kiransu ɗaya bayan ɗaya. Ku adana hotunan aikinku a wani wuri dabam. Kada ku dogara ga ɗakunan gida ɗaya. Ku nuna aikin hannunku yadda yake, ku faɗi farashi na gaskiya, ku amsa ƙorafi da ladabi a bainar jama'a. Lokacin da kuke ba waya kada ya fi wanda kuke ba keken ɗinki ko akurkin kaji, gama hoton yana jawo mutum sau ɗaya ne, ingancin kaya ne yake dawo da shi.

Iyaye da shugabannin zumunta, ku ma kuna da aiki. Maimakon faɗa kullum a kan waya, ku tambayi yaro abin da yake sawa a shafinsa, da wanda yake riƙe da lambar sirrinsa, da abin da zai yi in aka rufe shafin gobe. A taron matasa a keɓe ɗan lokaci wanda ya fi sanin harkar ya bayyana wa sauran abin da ya sauya a wannan watan. Kamfanonin nan za su ci gaba da saye da sayarwa da sauya dokokinsu ba tare da sun yi shawara da mu ba. Abin da ya rage a hannunmu shi ne mu ji labari da wuri, mu kuma riƙe amanar waɗanda suka san mu ido da ido. Allah ya ba mu hikimar yin haka.