Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Duk lokacin da aka tambayi ɗalibanmu masu sha'awar wasan kwaikwayo abin da suke so su zama, amsar ɗaya ce: jarumi ko jaruma. Da wuya a sami wanda zai ce yana son ya zama marubucin labari, ko mai ɗaukar hoto, ko mai kula da sauti. Mu kuwa muna ganin wannan ganin kitse ne ake yi wa rogo, kuma ita ce cutar da ta daɗe tana cin fim ɗin Hausa. An ɗauki fuska a matsayin sana'ar baki ɗaya, an bar hannayen da ke yin aikin ba suna, ba lada.

Bari mu shiga wurin ɗaukar fim, wato lokeshin, mu ga abin da ke gudana. Ba a ɗaukar labari bi da bi kamar yadda mai kallo ke ganin sa. Duk fitowar da ta faru a gida ɗaya, a rana ɗaya ake son a gama ta, ko da ɗaya ta farkon labari ce, ɗaya ta ƙarshe. Saboda haka dole a sami mai riƙe da takarda yana lura da cewa hular da jarumi ya fita da ita daga zaure ita ce a kansa sa'ad da ya isa kasuwa, ko da mako biyu ne tsakanin ɗaukar biyun. Mai haske yana tsere da rana, don inuwar hantsi ba ta la'asar ba ce. Mai sauti yana fama da ƙarar janareto da ta babura. Bayan kowa ya watse, mai tace hoto zai kwana yana harhaɗa gutsattsarin. Waɗannan su ne farkon zuwa, su ne ƙarshen tashi, amma sunayensu sai a ƙarshen fim, cikin ƙananan baƙaƙe, lokacin da mai kallo ya riga ya miƙe.

Tarihi bai goyi bayan wannan raini ba. Wasan kwaikwayonmu na zamani da alƙalami ya fara tsayuwa. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada ya rubuta Uwar Gulma, kuma har yau ana karanta su a makarantu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan dandamali kafin Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, kuma daga gare shi ake ƙirga farkon finafinan bidiyo na Hausa, Aminu Hassan Yakasai ne ya rubuta shi. Cikin masu haddace sunayen taurari, mutum nawa suka san wannan suna?

Za a ce mana ai kasuwa ce, fuskar da ke kan fosta ita ke sayar da fim. Mun ji, kuma ba mu ƙi ba. Haka abin yake tun zamanin kaset, lokacin da dillalan Ƙofar Wambai ke tambayar wa ya fito kafin su tambayi me aka ce. To amma fuska tana jawo mai kallo ne sau ɗaya. Labari shi ke dawo da shi. Da kaset da faifai suka mutu, aka koma finafinai masu dogon zango a tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, gaskiya ta yi halinta. Daɗin Kowa ya karɓu ba don ya tara manyan taurari ba. Shirin da za a bi mako-mako shekara da shekaru ba ya rayuwa sai da marubuta. Duk da haka ba a daina zuwa lokeshin da rabin labari ba, a ce wa 'yan wasa su cike sauran da baki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sakamakon wannan sakaci a fili yake. Fim ɗin Shaihu Umar ya yi shekaru a ɓace, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Adana fim ma sana'a ce, ba mu kuwa ga masu rububin ta ba. Daɗin daɗawa, bayan an ƙi karɓar Lionheart a gasar Oscar a 2019 saboda yawan Turancinsa, Nijeriya ta aika da The Milkmaid a 2020, da Mai Martaba a 2024, dukansu masu magana da Hausa. Ke nan harshen yana da daraja a idon duniya. Tambayar ita ce: wa zai rubuta zancen, wa zai tantance karin magana da gaisuwar fada, wa zai fassara shi ba tare da ya kashe shi ba? Wannan gonar ɗalibin Hausa ce, in bai nome ta ba wani zai nome.

Ga masu shirya fim muna cewa: ku daina ɗaukar ma'aikata da alkawarin baki. A rubuta yarjejeniya, a faɗi kuɗi da ranar biya, a sa sunan marubuci inda ido zai gan shi. Sana'ar da tsofaffinta ke neman taimakon jama'a in ciwo ya kama su ba ta gama zama sana'a ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga masu kallon harkar a matsayin shashanci kuwa, su sani ƙyamar da ke hana yaro mai tarbiyya da ilmi shiga ita ce ke bar wa wanda ba shi da su fili. Ba a gyara gida daga bayan katanga.

Ku kuma ɗalibai, wanda Allah ya ba baiwar fitowa ya fito, amma ya haɗa da wani abu da zai riƙe shi ran da aka daina yayin fuskarsa. Akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos, akwai sassan wasan kwaikwayo a jami'o'in Zariya da Kano da Ibadan. Wanda bai sami zuwa ba, ya nemi ubangida a lokeshin, ya riƙe fitila, ya ja waya, ya buɗe ido. Kafin wannan duka, ya zauna ya rubuta wasa guda mai fitowa biyar, ya kawo wa wannan mujalla baɗi. Allah ya sa mu dace, amin.