HAYAR INJINAN NOMA: WANDA YA SAƁA ALKAWARI YA BIYA ASARA

  

Ya 'yan'uwa, akwai wani zalunci da yake aukuwa a ƙauyukanmu duk farkon damina, amma saboda ya zama jiki, kusan an daina kiransa da sunansa. Manomi zai biya kafin alƙalami domin tantan ta yi masa haro ko huɗa, a sa rana, ranar ta zo ya yini a bakin gona, ashe an wuce da motar gonar wani mai hali da ya ƙara kuɗi. Idan ya yi ƙorafi sai a ce ya yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddara. Lalle komai ƙaddararre ne, amma ƙaddara ba ta ɗauke wa mai laifi alhaki. Ra'ayinmu shi ne wanda ya saɓa yarjejeniya ba tare da uzuri ba, ya biya asarar da ya jawo, manomi ne ko mai inji.

Hayar tantan ta yaɗu a Arewa ta hannun ma'aikatun gona da shirye-shiryen bunƙasa noma irin waɗanda aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 da tallafin Bankin Duniya. A yau yawancin harkar tana hannun 'yan kasuwa da dillalansu, har akwai kamfanoni irin su Hello Tractor, wanda aka kafa a 2014, da ke haɗa manomi da mai mota ta wayar hannu. Abin da bai sauya ba shi ne motocin sun yi kaɗan, kuma kowa yana bukatarsu a cikin makonni biyu ko uku na saukar ruwa. Damina a yankin Kano da Katsina ba ta wuce wata huɗu, saboda haka wanda aka jinkirta wa huɗa kwana goma, shukarsa ta makara, masararsa na iya fitar da goyo ruwa yana ɗaukewa. Abin da ya rasa ya fi kuɗin haya nesa ba kusa ba, domin abincin iyalinsa ne na shekara.

To, me Shari'a ta ce? Suratul Ma'ida ta buɗe ne da umartar muminai su cika ƙulle-ƙullen da suka yi. Malaman mazhabobi huɗu kuma sun tafi a kan cewa haya ƙulli ne mai lazimta, wato da zarar an ƙulla, babu mai ikon warwarewa shi kaɗai don ya hango riba a wani wuri. Malaman Malikiyya sun rarrabe tsakanin hayar abin hawa ayyananne da hayar da aka lamunce. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an bayyana cewa idan dabbar da aka ayyana ta mutu a hanya, hayar ta warware a abin da ya rage. Amma idan isarwar aka lamunce, wajibi ne mai dabba ya kawo wata. A auna wannan da tantan. Wanda ya ce zai huɗe maka hekta uku ranar Talata, aiki ya ɗauka a wuyansa, don haka lalacewar motarsa ba ta sauke masa nauyi ba, sai ya nemo wata ko ya mayar da kuɗi nan take, domin manomi ya samu mafita tun ƙasa tana da danshi.

Wasu 'yan'uwa suna ƙyamar a gindaya sharaɗin biyan tara a kan wanda ya saɓa, suna zaton bidi'a ce ta Turawa. Alhali Imamu Bukhari ya kawo daga Ibn Sirin labarin wani mutum da ya ce wa mai hayar raƙuma ya shirya dabbobinsa, in bai fita tare da shi rana kaza ba zai ba shi dirhami 100. Mutumin bai fita ba, Alƙali Shuraihu kuwa ya hukunta masa biya, tunda shi ya ɗora wa kansa sharaɗin ba da tilas ba. Da irin wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta sharaɗin tara a zamanta na Riyad a shekarar 2000, tare da iyakoki: asarar ta zama ta dukiya ce ta haƙiƙa ko ribar da aka tabbatar za a samu, ba ɓacin rai ba, sharaɗin ya faɗi idan saɓawar ta zo daga abin da ya fi ƙarfin mutum, alƙali kuma yana da ikon rage adadin idan an wuce gona da iri.

Akwai iyaka guda da ya wajaba a yi hattara da ita. Ba a ɗora tara a kan jinkirin biyan bashi. Idan mai tantan ya gama aiki, kuɗinsa ya zama bashi a kan manomi, bai halatta a ce kowane mako na jinkiri zai ƙara Naira dubu biyar ba, domin wannan riba ce tsantsa. Hanyarsa ita ce jingina ko mai tsaya masa, ko ya kai ƙara.

Yaya ake auna asarar? A misali, an yi jinga a kan Naira 40,000 kowace hekta, mai mota bai zo ba, manomi ya ɗauko wata a kan 55,000. Haƙƙinsa shi ne kafin alƙalaminsa da kuma ratar 15,000 a kowace hekta. Amma idan ya naɗe hannu alhali ga wata motar ko ga shanun huɗa a kusa, ba zai zo da kaka ya nemi buhu hamsin ba, domin da sakacinsa a cikin asarar. Kotunan Nijeriya ma a kan makamancin wannan suke tafiya. Suna bin hukuncin wata shari'a da aka yi a Ingila a 1854, tsakanin Hadley da Baxendale, inda injin niƙa ya tsaya saboda an jinkirta kai wani ƙarfensa da ya karye. Kotu ta hana mai injin ribar kwanakin da ya rasa, domin masu ɗaukar kayan ba su san cewa jinkirin zai tsayar da aikin ba. Darasin manomi a nan a fili yake: ka faɗa tun ranar jinga, a gaban shaidu, cewa ka jiƙa iri, ka ɗauki 'yan ƙodago, ko shinkafarka ta nuna tana zubewa. Asarar da ka sanar da yiwuwarta ita ce za ka iya nema.

Adalci kuma ya wajabta mu juyo kan manoma. Sau da yawa mutum yakan ce gonarsa hekta biyu ce, alhali ta kusa uku. Wani yakan ɓoye kututture da duwatsu har faifan haro ya tsage. Wani kuma sai motar ta ƙona man gas ta iso, ya ce ya fasa. Duk wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna. A fiƙihu, wanda ya karɓi abu haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi ta'addi ko sakaci. Wanda ya yi hayar injin ban ruwa ya mutu don tsufa, babu komai a kansa. Wanda ya bar shi yana aiki ba baƙin mai, ko ya ba da shi haya ga wanda bai iya ba, shi zai biya. Direban da ya yi huɗa sama-sama don ya yi sauri ya kama aikin bayan fage, ya ci amanar mai mota da ta manomi gaba ɗaya.

Za a ce rubutu da tara suna kashe zumunci, mutanen gari ɗaya da yarda suke zaune. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga sahabbai aka fara saukar da ita, waɗanda suka fi mu amana. Gabar da ke raba gidaje a ƙauye, daga "ka ce, ban ce ba" take tasowa. Kuma kunyar da ake kira zumunci, talaka ne yake biyan kuɗinta, domin mai hali ba a saɓa masa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa da su riƙa rubuta takarda ko da shafi guda ce, da boko ko da ajami. A sa girman gona bayan awo, da irin aikin, da ranar zuwa da kwanakin uzuri, da wanda zai sayi mai, da makomar kafin alƙalami, da tarar da za a biya idan aka saɓa, shaidu biyu su sa hannu. Dillali ya bayyana wakilin wa yake, kuma ya daina karɓar kuɗin gonaki talatin a kan motar da ba ta iya gama goma. Ƙungiyoyin manoma da na masu tantan su kafa kwamitin sulhu mai yanke magana cikin kwana biyu ko uku, domin hukuncin da ya zo bayan kaka bai tsirar da shuka ba. Malamai kuma su fito da babin ciniki da haya daga cikin littattafai su karantar da shi a masallatai tun cikin bazara, kafin a fara karɓar kuɗi.

Wanda ya tsare sahun farko a masallaci, sannan ya bar ɗan'uwansa tsaye a gona da iri a hannu, ya sani akwai ranar da ba a biya da Naira. Allah ya ba mu ikon cika alkawari, ya sa albarka a gonakinmu.