RA'AYINMU: IDAN BASHI YA FI ƘARFIN GIDA

Akwai wata matsala da ke cin 'yan'uwanmu mazauna Ojo da Agege a ɓoye, kunya kuma ta hana a yi maganarta a fili. Mutum ya jinginar da gidansa a banki don ya ƙara jari, kasuwa ta juya masa baya, ruwa ya yi ta hawa kan uwar kuɗi, ran da ya kira dillali ya yi wa gidan kuɗi sai ya tarar ko an sayar ba zai biya bashin ba.

A Amurka cikin 2008 darajar gidaje ce ta faɗi warwas. A nan kuwa yawanci bashin ne ke tsere wa gidan, gama a watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwanci kuma ya kan ɗara haka. A Ojo akwai ƙarin abin da ke karya taye: tun da Gwamnatin Jihar Legas ta ba mazauna Alaba Rago wa'adin kwana 14 su tashi a watan Mayu na 2022, mai saye ya kan yi ɗari-ɗari da duk ginin da ake jin rusau zai iya shafa.

To, mene ne abin yi? Wasu su kan daina amsa kiran banki, wasu su sayar a asirce su koma Arewa. Duka biyu kuskure ne babba. Takardar gidan tana hannun banki, kuma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce sai da yardar gwamna ciniki zai tabbata. Wanda ya yi haka ya cuci mai saye, bashin kuma yana nan a wuyansa.

Kamata ya yi mai gida ya riga banki magana. Ya sami mai saye na gaske, ya sa masanin ƙimar gidaje ya rubuta darajar gidan, sa'an nan ya je da lauyansa ya nemi rangwame. A ce ana binsa Naira miliyan 40, an taya gidan miliyan 30. Banki ya san shari'a tana cin shekaru, kuma abin da gwanjo zai kawo da wuya ya kai tayen da ke hannu. Bankunan nan da kansu sun ɗanɗana rangwame, domin hukumar AMCON da aka kafa a 2010 ta sayi basussukansu da suka maƙale a ƙasa da adadinsu.

Amma fa a kula. Alkawarin baki na manaja ba ya ɗaure banki. Lalle ne a rubuta cewa kuɗin da aka karɓa ya kashe bashin baki ɗaya, banki ya saki takardar gida, ya kuma saki wanda ya tsaya wa mutum. In ba haka ba, gida ya tafi, cikon miliyan 10 kuma yana ci gaba da haihuwa.

Muna kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanninmu su tanadi lauyoyin da za su riƙa raka mutanenmu, musamman waɗanda ba su karanta boko ba. In banki ya ƙi sassauci, akwai zauren sulhu na Babbar Kotun Legas da aka buɗe a 2002, a kai maganar can kafin a buga ƙararrawar gwanjo.