Lafiya uwar jiki: Kama da wane ba ta wane

Yau za mu duba wani ƙari mai wuyar gani da ke tsirowa a gidan ƙwan mace, daga ƙwayoyin da ke zama ƙwan haihuwa. Likitocinmu na kiran shi «tumeur du sac vitellin». Ya fi kama ƴan mata da matan da ba su kai shekara 30 ba. Yana girma da sauri, ciki ya kumbura cikin ƴan makonni, har a zargi yarinya da abin kunya alhali ciwo ne.

A ƙarƙashin madubin likita, ƙarin nan ya yi kama da wata sankara mai ƙwayoyi garau kamar ruwa, wadda ta fi kama mata masu shekara 50 ko fiye. A 1939 likita Schiller ya haɗa su a suna guda. Teilum, mutumin Danmak, shi ya raba su, ya raɗa wa ƙarin suna na dabam a 1959.

Abu uku ke bambanta su. Na farko, shekarun mai ciwo. Na biyu, awon jini da ake kira AFP, wanda ke hawa sosai a ƙarin ƴan mata. Amma juna biyu da sankarar hanta su ma suna ɗaga shi, don haka shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Na uku, binciken naman da aka cire, inda ake shafa masa wasu sinadarai masu rina ƙwayoyin wannan su bar na waccan.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Sankarar manyan mata, galibi akan cire mahaifa da gidan ƙwai duka biyu. Ƙarin ƴan mata kuwa, akan cire ɓangaren da ya kamu kawai, a bi da magunguna uku da ake kira BEP. Da can akasarin masu shi mutuwa suke. Yau mafi yawan waɗanda aka gano da wuri suna warkewa, da dama har su haihu.

Saboda haka, uban da aka ce za a yi wa ɗiyarsa aiki, ya nemi a auna AFP tukuna. Naman da aka cire kada a binne shi, a aika da shi bincike ko da sai Yamai. Kuɗin binciken bai kai darajar mahaifar yarinya ba.

Sai mako mai zuwa.